TAFIYAR KAKA DA KAKA

Yau labarin wata tafiyar ƙafa na kawo muku, wadda muka yi mu tara a ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2022, lokacin saura wata biyu cif a ɗaura mini aure. Masu neman soyayya ku yi haƙuri ku biyo ni, akwai 'yar kaɗan a gaba, sai dai ba tawa ba ce.

Ni haifaffiyar Gumel ce, Lautai, a nan na yi firamare da sakandare, a nan kuma na yi Kwalejin Ilimi. Amma in faɗa muku gaskiya, ban da titin Kano da na Haɗeja da na Maigatari babu abin da na sani a ƙasarmu. In mun fita a mota ta taga nake hango gonaki, da an ɗan jima kuma na mayar da kaina kan waya. Da a ce a lokacin wani ya tsare ni ya ce in nuna masa bambancin aduwa da kurna, wallahi da na ji kunya.

Wadda ta tayar da maganar tafiyar ita ce Iya, mahaifiyar babanmu. Kun dai san daminar 2022 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, har ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mu ƙasar Gumel ba mu da babban kogi, yashi gare mu, jigayi da kwaruruka. Ruwan sama in ya sauka sai ya gangara daga kan jigawa ya kwanta a kwari ya zama tafki, da rani ya ƙafe. To a shekarar da ruwa ya yi yawa tafkunan sukan cika su tumbatsa, wannan ya miƙa wa wancan hannu, sai ka ga kwarin ya zama kamar ƙorama. Kawunmu da ke wani ƙauye a arewa da Gumel ya zo gaishe da Iya, a cikin hira ya ce mata, "Iya, bana fa kwarin garinku ya kawo, ruwa har gindin bagaruwar nan." Tun daga ranar Iya ba ta sake barin kowa ya huta ba. Ta ce rabonta da ganin ruwa a kwarin nan tun tana goyon babanmu, idonta kuma kullum ƙara dushewa yake, ita lallai a kai ta ta gani kafin ya rufe.

Babanmu ya ce mota ba ta shiga wurin. Ta ce da can da mota ta zo duniya? Sai ta juyo kaina ta ce, "Ke kuma kishiya, da ke za a tafi. Ba za a kai ki Kano ki je kina ce wa dangin miji ke 'yar Gumel ce, alhali ko hanyar garin ubanninki ba ki sani ba." Na ce, "Iya, ni fa amarya ce, gyaran jiki nake, rana za ta ɓata mini fata." Ta ce, "Wanda ya gan ki da wannan hancin ya ce yana so, rana ba za ta kore shi ba." Aka yi ta dariya, magana ta zauna.

Ranar wata Laraba cikin hutun tsakiyar zango muka yi asubanci. Mota ta bi da mu titin Maigatari, ta ratsa layukan darbejiyar nan da gwamnati ta dasa don tare hamada, ta sauke mu a ƙauyen su Kawu ana shirin fitar da awaki. Ga ni, ga Iya, ga ƙannena biyu, ga 'yan matan Kawu uku, ga Kawu da kansa da amalanken shanunsa wanda aka shimfiɗa wa Iya katifa a kai. Ta taranmu ita ce aminiyata 'yar Kano da ta zo taya ni shirin biki. Ita wannan baiwar Allah leshi ta sako, da takalmi mai tsini, da jaka a kafaɗa, sai ka ce gidan suna za ta. Matar Kawu ta dube ta sama da ƙasa ba ta ce uffan ba, ta shiga ɗaki ta fito mata da silifas da tsohon zane.

Mun fita gari raɓa ba ta bushe ba. 'Yar uwa, in ba ki taɓa shiga dajin ƙasarmu da sanyin safiyar kaka ba, to akwai abin da ya wuce ki. An gama girbin gero, dammuna jingine a gonaki suna jiran amalanke. Dawa kuwa tana tsaye, zangarniya ta yi nauyi ta sunkuyar da kai. Riɗi an yanke shi an tsayar da shi tsibi-tsibi yana shan iska, zoɓo ya yi jawur kamar an watsa wa gona garwashi. Ko'ina ƙamshin harawa da ɗanyen kara. Mata da yara sun riga mu fita roron wake, duk inda muka gifta sai an ɗago an ce, "Sannunku da zuwa, ina aka nufa haka?" In Kawu ya ce kufai za mu kai tsohuwa, sai su ce Allah sarki, a sauka lafiya.

Hanyar da muka bi burtali ce, wato hanyar shanu, kuma a gefen kwarin take tafe, in ya karkata ta karkata. Ba mu yi nisa ba muka hango ruwan. Ba wani faɗi gare shi ba, wani wurin ma yaro zai iya tsallakewa, wani wurin ya buɗe ya yi tafki sosai, amma dai ga shi nan a haɗe yana sheƙi a tsakanin gonaki har iyakar ganinka. Bado ya rufe shi da farin fure. Belbelu sun yi layi a gefe, zalɓe ɗaya yana tsaye a ƙafa guda kamar mai jiran bashi. Da ƙarar amalanke ta matso sai wani garken kirinjijiya ya tashi fuuu yana fito, aminiyata ta ƙwalla ƙara ta ruƙunƙume ni.

Iya ta ce a tsaya. Ta ce ita a sauke ta, ba ta zo nan don a ɗauke ta kamar buhun gero ba. Kawu ya yi magiya, ina! Haka ta dafa kafaɗata da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, muka ci gaba da tafiyar hawainiya. Daga nan kuma makaranta ta buɗe. Iya ba ta gani sosai, amma da ta shafa ganye ko ta shinshina sai ta faɗi sunansa da amfaninsa. Wannan sabara ce, ta masu jego. Wancan kalgo ne, da ɓawonsa ake ɗaure dami. Ga bagaruwa mai son bakin ruwa, da 'ya'yanta majema ke jeme fata. Ga dakwara mai fitar da ƙaro, ga magarya, ga goriba da kabarta da ake saƙa tabarma. Kowace bishiya sai ta sa mun maimaita sunan, wadda ta kuskure ta sha dungure. 'Yan matan Kawu suna ta yi mana dariya, su duk sun sani.

Wanda ya fi burge ni shi ne gawo. Duk itatuwa sun fara yin fari-fari suna shirin zubar da ganye, shi kuwa a lokacin yake fitar da sabon toho kore shar. Iya ta ce ai haka halinsa yake, da damina in kowa ya yi ganye shi sai ya kaɗe nasa ya tsaya tsirara, da rani in kowa ya bushe shi ya yi lif. Shi ya sa manomi ba ya sare shi. Ba ya tare wa gero rana da damina, ganyen da ya zubar taki ne, da rani kuma dabbobi su sha inuwarsa su ci 'ya'yansa. Ta ce a lura, duk gonar da ke da gawo, geron gindinsa ya fi na ko'ina tsayi. Na yi shekaru ina karanta aikin gona a aji, ban taɓa riƙe wannan ba sai da tsohuwar da ba ta san "a" ba ta nuna mini da sanda.

Sai dai fa kada ku ɗauka daɗi kawai aka sha. Akwai ƙarangiya! Kaka ce lokacinta, ta nuna ta bushe, jira kawai take. Kafin mu yi awa guda gefen zannuwanmu ya yi dam da ita, in ka sa hannu ka cire ta koma yatsa. Aminiyata har da hawayenta, tana cewa ita da ta sani da ta yi zamanta. Autarmu kuwa ko a jikinta, ita da 'yan matan Kawu fara suke ta kamawa suna cusawa a gora, wai ta suyar dare.

Da muka zauna shan fura a gindin wata tsamiya, Iya ta ce wannan burtalin da muke rainawa babbar hanya ce a da. Tana yarinya ta sha ganin fatake da jakuna da raƙuma suna bi da kayan kanwa, su yada zango a bakin kwarin nan, 'yan mata su kai musu tallan fura da dafaffen wake. Nan na sami abin cewa ni ma, don mun karanta a tarihi. Masarautar Gumel ta Mangawa ce, an kafa ta wajejen 1750, ta yi zamanta a ƙarƙashin Barno, kuma har Turawa suka zo a 1903 ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Gidan sarautar ma daga Tumbi ya taso, wadda yanzu take cikin Nijar. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Gumel a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya rubuta cewa garin babbar kasuwar kanwa ce, daga nan ake ɗaukarta har ƙasar Nufe. Iya ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "To shi Baturen a mota ya zo?" Na ce a'a, a kan doki. Ta ce, "Ato. A gaya wa ubanki."

Muna tashi daga nan ne abin da ya tsorata ni ya faru. Mun iso wani wuri da burtalin ya tsuke, gonar wake ta ciyo shi ta dama, ruwa ya tare ta hagu, abin da ya rage bai fi faɗin amalanke biyu ba. Sai ga ƙura daga bayanmu. Garken shanu ne, farare da jajaye masu manyan ƙahoni, ana kora su arewa don gobe Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, inda dabbobin Nijeriya da na Nijar ke haɗuwa. Muka ja Iya muka faɗa cikin ƙarangiya muka manne da juna. Shanu suka cika hanya, na gefe suka fara kai baki cikin wake. Kafin ka ce kwabo mai gonar ya taso da lauje a hannu yana faɗa, wani saurayin makiyayi shi ma ya gyara riƙon sandarsa. Gabana ya faɗi ras, don irin wannan ne muke ji a rediyo an ce an yi asarar rai.

Kawu ya shiga tsakani yana ba da haƙuri, ba wanda ya saurare shi. Sai muryar Iya muka ji daga cikin ciyawa, "Kai mai gona, ɗan wane ne kai?" Ya faɗi sunan mahaifinsa. Ta ce, "Na san shi, na san uwarsa. Gonarku daga wancan gawon ta tsaya. Nan da kake tsaye hanya ce, a nan aka bi da ni ranar da aka kai ni ɗakin miji, dawaki huɗu a jere ba mai gogar wani." Ta juya wajen makiyayin ta ce, "Kai kuma ɗan nan, ka ga hanya ta matse, ba sai ka wuce gaba ka tare bakinsu ba? Waken nan abincin 'ya'yan wani ne." Wallahi sai duk su biyun suka yi tsit. Babban makiyayin ya ƙaraso ya ba da haƙuri, aka kora shanu suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Mai gonar ya sauke laujensa ya durƙusa ya gaishe da Iya, yana cewa, "Inna, ba ƙin gaskiya ba ne, mu goma sha ɗaya ne a kan gonar da babanmu ya noma shi kaɗai."

Na daɗe ina juya maganar nan tasa. Ni dai a ganina ba a kyauta ba da ake cinye burtali, don saniya ba ta tashi sama, dole ta taka ƙasa. Amma wanda ya ga idon mutumin nan ba zai iya kiransa azzalumi kai tsaye ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a duk wurin nan mutum ɗaya ce ta san inda iyakar take, ita ma ga shekaru ga ciwon ido.

Rana ta take tsaka muka iso. Ni na zaci zan ga bango ko rusasshen ɗaki. Babu komai sai gonar dawa, da kukoki uku manya-manya sun fara zubar da ganye, 'ya'yansu na reto. Kawu ya ce duk inda kika ga kukoki sun taru haka a daji, to ki bincika, gari ne ya tashi. Iya ta saki kafaɗata ta tafi ita kaɗai, tana lalube da sanda. Ta tsaya a wani ɗan gurbi da ƙasa ta lotsa ta ce nan rijiya take. Ta ƙirga taku zuwa gabas ta ce nan ɗakin innarta, nan turmi, nan rumbu. Daga nan ta gangara bakin ruwa wajen wata tsohuwar tsamiya, ta dafa ta, ta yi shiru.

Mu ma muka yi shiru. Can ta ce mu matso. Ta ce a gindin tsamiyar nan kakanmu ya fara ganinta. Ta shiga ruwa tana cirar bado, zane ya jiƙe, ƙafa duk taɓo, shi kuma ya biyo da jakunansa zai kai gyaɗa tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, don a lokacin duk gyaɗar ƙasar nan jirgin Kano zuwa Nguru ke kwashe ta. Ya ce 'yan mata a san masa ruwa. Ta ce ga tafki nan a gabansa, wa ya riƙe shi? Ya yi dariya ya wuce. Da zai dawo bayan kwana huɗu sai ga shi da ɗankwali da sabulu daga kantin tasha, ya ba ƙaninta ya kai mata. "Shi ke nan fa," in ji Iya, "ba wasiƙa, ba waya, ba hoto. Shekara arba'in da ɗaya muka yi, bai taɓa kwana da fushina ba." Aminiyata ta ce, "Iya, ashe ku ma kun yi soyayya!" Ta ce, "Ja'ira, ku kuka ƙirƙiro ta?"

Muka tambaye ta me ya tashi garin. Ta ce fari. Farin 1973, wanda ya cinye dabbobi da amfanin gona a duk faɗin ƙasashen bakin hamada. Kwarin ya ƙafe ƙaf, har gaiwar da ke binne kanta a laka ta jira damina sai da aka tone aka cinye. Badon da suke cira don wasa ya zama abinci, shi ma ya ƙare. Rijiya aka yi ta yasa ana bin ruwa yana gudu. Suna cikin farfaɗowa kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, abin sayarwa ya tafi. Sai aka fara zarewa gida-gida, wasu suka yi yamma ƙasar Sule Tankarkar wajen dangi, wasu Gumel, wasu Kano, wasu suka tsallaka Nijar. Sannan ta faɗi abin da ko babanmu bai taɓa gaya mana ba. Ta ce tana da 'ya mace, mai bin babanmu, shekararta biyu, a farin nan ƙyanda ta haɗu mata da yunwa ta rasu. Tana nan kwance a bayan kukokin can. Ta ce, "Sunanta kika ci, kishiya. Shi ya sa na ce da ke za a zo."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Shekara ashirin da uku ina amsa sunan nan, ina cewa ma na tsofaffi ne, har na so in sauya shi a makaranta. Kawu ya ɗaga hannu ya yi addu'a muka shafa. Iya kuwa ko ɗigon hawaye, sai ma ta tsuguna ta ɗebi ruwan kwarin ta wanke fuskarta, ta ce sanyinsa na nan yadda ta san shi.

Mun yi azahar a nan, muka ci ɗanwake da Matar Kawu ta ƙullo mana. Da za mu juyo Iya ta sa Auta ta tsinto mata busasshiyar tsamiyar bara da ta maƙale a reshe, ta ɓare ta cire ƙwallaye bakwai, ta ƙulle mini a bakin gyale. Ta ce in na tare in shuka a gidana. Na ce, "Iya, gidan haya ne fa a Kano, tsakar gidan duk siminti." Ta ce, "Wannan kuma ke da mijinki."

Dawowa kam a amalanke ta yi ta, ta yi barcinta har gida. Aminiyata ma tun a rabin hanya ta haye kusa da ita, ƙafa ta kumbura. Muna shiga inda waya ke kamawa sai ga kiran angon nawa har guda tara, hankalinsa ya tashi. Na ce masa lafiya lau, garinmu na je. Ya ce ba a Gumel kike ba? Na ce sai ka zo zan ba ka labari. Mun kwana uku muna cirar ƙarangiya daga zannuwa, fatar da nake tattali kuwa sai da mai dilka ta yi aikin sati biyu a kanta.

A cikin ƙwallayen nan bakwai biyu suka tsiro a gwangwanin madara, akuyar maƙwabta ta cinye ɗaya. Ɗayar na mayar da ita tsohon bokiti, daga baya maigidan ya roƙi mai gidan hayar aka fasa siminti a bayan ɗakin girki aka dasa ta. Idon Iya ya rufe gaba ɗaya a 2024. Duk sanda na je Gumel, kafin ta tambayi maigida ko ɗana sai ta ce, "Kishiya, tsamiyar ta kai ina?" Zuwana na ƙarshe na kama hannunta na ɗora a kafaɗata na ce ta kawo nan. Ta ce in rage ba ta ruwa, tsamiya ba ta son shagwaɓa.